Tsohuwar da Ta Mayar da Kan Rago

Tun ranar da Iya ta rasu magana ɗaya nake ji a bakin duk wanda ya shigo gidanmu: "Allah Ya ji ƙan Iya, baiwar Allah mai haƙuri, ba ruwanta da kowa." Na yi shiru ranar farko, na yi shiru rana ta biyu. Yau kwana biyar, na gaji. Iya ba mai haƙuri ba ce, kuma da ruwanta da kowa. Duk wanda ya ce ba haka ba, ko dai bai san ta ba, ko kuma yana cikin waɗanda ta taɓa tsarewa a ƙofar gida ta wanke su tas. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta. Amma ba zan bari a rufe ta da ƙasa, sannan a zo a rufe ta da ƙarya ba.

Kakata ce, mahaifiyar Baba. Ita ce ungozomar garinmu, nan gaba da Getso kaɗan idan ka baro Gwarzo, kuma aikinta ya kai ta har Gammo da Mainika. Mata sun cika tsakar gida har bakin rumbu. A waje kuwa tabarma biyu aka shimfiɗa, da tazara tsakaninsu, kamar yadda aka saba. Ɗaya ta mutanen masallacin gabas ce, masu wazifa da maulidi. Ɗayar ta mutanen masallacin bakin titi ce, su Baba, waɗanda ba sa yin ko ɗaya. Ba sa bin juna salla. Ranar jana'izarta ce kawai na ji an ce malamin bakin titi ya tsaya a ƙarshen sahu bayan tsohon limamin gabas, kuma har yau maza ba su gama mayar da zancen ba. Sun fi maganar wannan sahun a kan maganar mamaciyar.

Ranar uku matar fasto ta zo. Daga ƙauyen da ke hayin rafi take, Hausawa ne irinmu, sai dai su coci suke zuwa. Ta zo da mata biyu da ƙwaryar gero, suka zauna a bakin madafi. Wata maƙwabciyarmu ta matso kusa da Inna, mahaifiyata, tana raɗa: "Su ma ana amsa musu gaisuwa?" Matar fasto ta ji. Hawaye ne kawai ke bin fuskarta. Duk cikin matan da suka zauna a gidan nan ban ga wadda kukanta ya kai nata ba.

Yaya kuwa, babbar yayata, ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗakin Iya ta zauna a bakin gado, tun daga ranar take can.

Iya ba ta san mutane da sunan da suke taƙama da shi ba, da ranar haihuwarsu ta san su. Alhaji zai wuce da babbar riga ta ce, "Wannan da ƙafa ya zo, tun daga ranar yake wahalar da mutane." Idan aka fara gardamar masallatai a gabanta sai ta tsuke baki ta ce, "Kowa da kuka ya faɗo hannuna. Ban ga wanda ya zo da carbi ba, ban ga wanda ya zo da ɗangalallen wando ba." Daddawa take sayarwa, kuma ba ta iya ciniki ba. Goro take ci, ta hana kowa ci. Ni kuma ta sa mini Uwar Gaggawa.

Mun sha faɗa da ita. Ina aji uku a sakandare na gaya mata tsohuwar rezarta za ta kashe jariran mutane. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar boko, a takarda kika ga jini. Ni wanke shi nake tun ubanki bai iya ɗaura wando ba."

"To ki ci gaba, tsohuwa. Ranar da aka zo kama ki ni zan nuna musu ɗakinki."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. A na huɗu na ga sabuwar reza cikin takardarta a bakin zaninta, kuma daga shekarar duk haihuwar da ta ga za ta yi gardama sai ta sa a nemo mota a tafi asibiti. Ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba. Ni ma ban tambaya ba.

Abin da masu ta'aziyya ba sa son faɗi shi ne zancen Yaya, to ni zan faɗa.

Yaya tana da shekara goma sha huɗu wata mata ta zo gidanmu. Dogon hijabi, safa, har da niƙabi. Ta ce akwai gidan mutanen kirki a birni suna neman yarinya mai raino, za su sa ta Islamiyya. Baba ya ga shigarta, ya ji irin sallamarta, ya ce wannan tamu ce. Iya tana Gammo wajen wankan jego. Ta dawo ta tarar Yaya ta tafi.

Sai bayan damina biyu wani direba ɗan Kabo ya dawo mana da ita. Ba gidan raino aka kai ta ba. Wani gida ne a bayan wurin da manyan motoci ke tsayawa, can kudu, inda maza ke biya a shigar da su wurin yara. Haka abin yake, kuma Iya ba ta son kwana-kwana, shi ya sa na rubuta shi a miƙe. A garinmu cewa ake iska ce ta taɓa Yaya. Baba ma haka yake cewa. Iya ce ta kai ta asibiti, ta dawo da ita ɗakinta, ta yi mata wankan ruwan zafi safe da yamma kwana arba'in kamar mai jego, tana ba ta kunu a baki. Yaya ta warke a jiki. Magana ce ta ƙi dawowa, sai ɗaya-ɗaya.

Ga abin da Iya ta gano, wanda ba mai iya gano shi sai wadda ke shiga kowane gida. Ta je karɓar haihuwa a unguwar gabas, sai uwar mai naƙudar ta ce ita ma ƙaramar 'yarta tana birni, wata Hajiya mai zuwa maulidi ce ta tafi da ita, carbi ba ya barin hannunta, ga haƙorin Makka. Bayan wata ɗaya aka kira Iya hayin rafi. Matar fasto tana zuba mata ruwan wanke hannu ta ce yaransu biyu sun tafi da wata mata mai ɗaurin ɗankwali, ta ce makarantar mishan za ta sa su, shiru har yanzu. Iya ta ce, "Yaya bakinta yake?" Matar fasto ta ce akwai haƙorin zinare a gefen hagu.

Iya ta dawo gida ko zani ba ta canza ba, ta tsaya a kan Inna.

"Matar da ta ɗauki yarinyar nan, kin ga bakinta?"

"Iya, ai da niƙabi ta zo."

"Ba ta sha komai ba a gidan nan?"

Inna ta tuna. Ta ce matar ta ɗaga niƙabin ta sha fura. Ta ce akwai haƙorin.

Mace ɗaya ce, kaya uku. Ta san garinmu fiye da mu. Ta san 'yan gabas ba za su tambayi 'yan titi ba, ta san ba wanda zai haye rafi ya tambayi 'yan coci. Kuma kowane ɓangare ya rufe bakinsa a kan yarinyarsa da ta ɓata, don kada 'yan can su ji su ce ga irin tarbiyyarsu nan. Da kunyarmu ta yi ciniki.

Iya ta je wurin limamin gabas, ya ce zai yi sanarwa a masallacinsa. Ta je wurin malamin titi, ya ce zai yi sanarwa a nasa. Ta ce ba sanarwa ta zo nema ba, so take su zauna su uku da fasto a wuri ɗaya. Kowannensu ya ba ta haƙuri.

Ana nan sai matar malamin titi ta haihu. Iya ce ta karɓi haihuwar, ta yi musu wanka kwana bakwai. Ranar suna aka aiko mata da kasonta na ungozoma, kan rago da ƙafafu. Ba a mayar da wannan kason. Mayar da shi kamar ka ce ba ka sa wa jaririn albarka ba ne. Iya ta ɗora shi a babban tirenta, ta aza a ka, da hantsi, ta ratsa gari. Na bi ta a baya ina cewa ta tsaya, ko juyowa ba ta yi ba. Ta tarar da maza cike da ƙofar gidan malam ana cin waina, ta sauke tiren a gabansa.

"Iya, lafiya? Ya yi kaɗan ne?"

"Ya yi yawa. Wannan jaririyar taka ni na karɓe ta. Nan da shekara goma sha biyu wata za ta zo da safa ta ce taku ce, ka miƙa mata ita. Ban karɓi haihuwa don a kai wa 'yan tasha ba. Ka ci kanka."

"Iya, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi mini fitsari a zani ranar da na yanke maka cibiya, ban kai ƙara ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye. Malam ya sunkuyar da kai. A hanyar dawowa ta bi ta ƙofar limamin gabas, labari ya riga ta isa, yana zaune yana murmushi. Ta ce, "Yi dariyarka, Liman. Surukarka wata takwas take."

Ranar Asabar suka zauna. Ba wanda zai taka masallacin wani, ba mai shiga coci, don haka a ƙarƙashin darbejiyar firamare aka ajiye benci uku. Suka tsayar da magana: ba yarinyar da za ta bar gari da sunan aikatau ko karatu sai an gaya wa su ukun wa zai tafi da ita da inda za a kai ta, kuma sai wani ɗan gari ya je ya ga gidan da idonsa. Idan baƙuwa ta shiga wani ɓangare tana neman yara, sauran biyun za su ji kamanninta kafin rana ta faɗi. Sanarwa iri ɗaya aka yi ranar Juma'a a masallatai biyu, aka maimaita ta ranar Lahadi a hayin rafi. Aka gaya wa direbobi.

Mai haƙorin ba ta sake takowa garinmu ba, ba a kuma kama ta ba. Yarinyar gabas an samo ta. Cikin biyun hayin rafi ɗaya ta dawo. Ɗayar har yau uwarta tana tsayar da direbobi tana tambaya.

Daga nan Iya ta mayar da sayar da daddawarta bakin tasha, kan wani dutse, duk ranar kasuwar Getso. Wata rana ina tare da ita wata mata ta zo da yarinya riƙe da ƙullin kaya, ta tura ta cikin mota. Iya ta miƙe.

"Baiwar Allah, ina za a kai ta?"

"'Yata ce, Inna. Gida za mu."

"Wace damina kika haife ta?"

Matar ta fara lalube. Iya ta leƙa ta taga ta ce, "Wannan ni na yanke mata cibiya, a bayan rumbun gidansu aka binne mahaifarta, shekarar da rafi ya cinye gada. Sauko, 'yar nan." Yarinyar 'yar hayin rafi ce. Direban ɗan masallacin titi ne, ya kashe mota ya sa makulli a aljihu. Ɗan kamashon ɗan gabas ne, shi ya tafi kiran mai unguwa. Iya da kanta ta raka yarinyar gida. Na ɗauka za ta ci mutuncin uwar yarinyar, don na san bakinta. Sai ta zauna ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar awaki. Washegari ta aika mata da gero daga rumbunta, ta ce a gaya mata ladan wankan da ta taɓa yi mata ne take mayarwa, ya yi mata yawa. Ƙarya ce, don dai matar ta iya karɓa.

Yanzu ga laifin Iya, tunda na ce ba zan rufe ta da ƙarya ba. Komai a kanta ta riƙe. Shekara shida mutanen nan uku suna aiki tare, ba wanda yake da lambar wayar wani. Bayan zaman darbejiya ba su sake haɗuwa ba. Iya ce ke ɗaukar magana daga wannan zaure zuwa wancan, ta tattare zani ta haye rafi. Sau nawa na ce mata, "Kawo in karɓi lambobinsu in rubuta, in ba kowa na kowa." Sai ta ce, "Waya ba ta kallon idon mutum. Idan na tsaya a kansu ba sa iya cewa sai gobe." Na ce, "Ranar da ba kya nan fa?" Ta ce, "Uwar Gaggawa, har kin gama yi mini likkafani?" Tana kwance ma na sake tayar da zancen, ta ce in bari ta ji sauƙi. Ba ta ji ba.

A ranar ukun nan wata mata ta zo ta'aziyya, ba wanda ya san ta. Doguwa, da hijabi har ƙasa. Ta zauna kusa da Inna ta yi kuka mai kyau, ta ce Iya ta taɓa taimakon 'yar'uwarta. Auta, ƙanwata, shekararta goma sha biyu, ita ke zagayawa da ruwa. Matar ta bi ta da kallo ta ce, "Kai, wannan yarinya da hankali take." Kafin ta tashi ta yi wa Inna zancen gidan wani likita a birni da ke neman mai raino. Ta bar sabulu da taliya. Da ta miƙe na ga tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.

Da matar fasto za ta tafi na raka ta zaure. Ta kama hannuna ta riƙe.

"'Yata, wata ta zo mana makon jiya, tun Iya tana kwance. Ta ce makaranta za ta sa yara. Doguwa ce, tana jan ƙafa ɗaya."

"Ta hagu?"

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Wa zan gaya wa yanzu?"

Na sami Baba bayan la'asar na gaya masa. Dawarmu bana ƙuduji ya cinye ta, taki ya gagara, na san abin da ke cikin rumbu. Ya ce wannan daban ce, ya yi magana da likitan da kansa a waya, mutum mai natsuwa.

"Baba, ka ga gidan?"

"'Ya'yan mutane nawa ke aikatau lafiya lau? Kuma kin ga shigar matar."

"Waccan ma da hijabi ta zo."

"Yayarki iska ce ta taɓa ta. Ki iya bakinki, ana zaman makoki."

Ya ce ranar kasuwa matar za ta dawo ta tafi da Auta. Duk duniya mutum ɗaya ce ke ce wa Baba a'a ya ji, kuma ranar Asabar da ta wuce ya ɗauki makararta.

Jiya na je gidan malamin titi. Matarsa ta ce Malam ba ya ganin 'yan mata, in turo babana. Na je gabas, ɗan liman ya tare ni a zaure ya ce in bari sai bayan sadakar bakwai. Kasuwa kuwa ba za ta jira su ba. Ni budurwa ce, ba furfura, ba wanda na yanke wa cibiya. Takardata ta gama sakandare shekararta biyu a cikin akwati, kullum burina in bar garin nan in je in karanta aikin jinya, kuma kullum ana cewa sai baɗi. Na dawo gida na zauna a bakin rijiya, na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Auta tana can tana wanke 'yan kayanta tana waƙa, murna take za ta ga birni.

Yau da safe na shiga ɗakin Iya neman tsintsiya. Yaya tana zaune, babban tiren nan yana kan cinyarta, ta goge shi da toka har yana ɗaukar ido. Sabulun matar da taliyarta suna kai. Ban san lokacin da ta ɗauko su daga ɗakin Inna ba.

Ta ce, "Gobe Juma'a."

Na ce, "Eh."

"Ke ki ɗauka. Idan suka ce iska ce, ni zan faɗa musu da bakina."

Rabon da in ji ta jera magana haka tun ina firamare.

To ga abin da na yanke. Gobe idan aka sallame Juma'a zan ɗora tiren Iya a kaina, Yaya a bayana, in sauke shi a gaban malamin titi, a ƙofar masallaci, Baba yana tsaye yana kallo. Ba zan ɗauke shi ba sai malam ya faɗa mini lambarsa na rubuta. Daga nan gabas, daga nan mu haye rafi. Kafin magariba kowannensu zai riƙe takarda mai lambobin sauran biyun da kamannin mai ɗingishi. Wataƙila Baba ya dake ni. Wataƙila gari ya ce jikar Iya ba ta da kunya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ranar kasuwa kuma tun da hantsi za a same ni a kan dutsen nan na bakin tasha. Ban iya daddawa ba, amma na san fuskar ƙanwata.

Allah Ya ji ƙanki, Iya, Ya haskaka kabarinki. Ki yafe mini gaggawata, don gobe ma da ita zan fita. Tiren yana bakin ƙofa.